Karan Awon Maman Dogo

Inusa, ɗana namiji tilo, ya kawo mini karan da ba shi ne ba ranar da abokina Maman Dogo ya rasu.

Gidanmu ne ke haƙa kabari a Madarumfa tun zamanin kakana. In mutum ya cika, masu wanka su auna shi da karan dawa, daga kai zuwa diddige, su karya daidai tsawonsa. Ɗan gidanmu ya karɓo karan ya kawo maƙabarta, mu haƙa a kansa. Shekara arba'in ina wannan aiki, ba a taɓa ajiye makara ana jirana ba. Dagin ubana, ƙarfen da muke haƙa da shi, yana hannuna. Kowa ya san Inusa zai gaje shi, kuma shi zai haƙa nawa.

A 1998 Ɗan Baba direba ya shigo da wani akwati daga Katsina ta Ɗan Issa. Ya kafa rumfar kara a bayan tasha, ya haɗa akwatin da tele, wato talabijin, da batirin mota. Wasa ne. Mutum ya riƙe wani abu mai igiya yana dannawa, soja a cikin tele yana yin abin da aka sa shi. Inusa yana da mata da 'ya'ya biyu, amma can ya tare.

Sau ɗaya na je, don in fito da shi.

"Ga Sarkin Dagi!" in ji Ɗan Baba. "Baba, zo ka gani, aikinka ya lalace. Waɗanda ka rufe duk sun fito."

Suka yi dariya. Ban yi ba. Na tsaya na duba.

Wanda ya ƙera abin ya san tsoro, wannan ba zan hana shi ba. Ba ya nuna maka dodon nan da nan. Sai ka ji jan ƙafa a bayan ƙofa, fitila tana lumshewa, harsashi saura biyu. Inusa, wanda ke fid da maciji daga rami da hannu, ga shi zufa na ɗiga daga haɓarsa. Yatsunsa kuwa ban taɓa ganin sun yi sauri haka ba. Ni kaina ban san lokacin da na matsa kusa ba.

Amma maƙerin wasan nan bai taɓa rufe kowa ba. Matattunsa suna fitowa da takalma da wando, ba likkafani. Kaburburan kowanne da inda ya dosa. Wanda aka harbe ya faɗi ya ɓace, ba mai ɗauka, ba mai wanka, ba uwar da za ta yi kuka. Can aka kashe sojan. Inusa ya danna, soja ya miƙe.

"Sau nawa yake mutuwa?" na ce.

"Ko sau ɗari, Baba. In ka yi kuskure sai ka sake," in ji Inusa.

"A wajenmu ba a sakewa. Tashi mu tafi."

Maman Dogo masunci ne, abokina tun muna yara a bakin tafki. Wata biyar yana kwance. Ya cika wata ranar Laraba da hantsi, cikin bazara. Na tura Inusa ya karɓo kara, ni da Arziki ɗan ƙanena muka wuce maƙabarta muka share wuri. Muka jira. Inusa ya iso a guje, yana haki.

Na tsayar da karan a jikina. A kunnena ya tsaya. Maman ya fi ni tsawo da taƙi guda.

"Wannan na Maman ne?"

"Shi ne, Baba."

Ubana ya koya mini kada in yi gardama da kara. Ido yana ruɗin mutum, ciwo yana rage jiki. Ga kuma ɗana ya ce shi ne. Muka haƙa.

Bayan azahar suka kawo shi, rabin gari na biye. Muka saukar da shi. Kai ya zauna, ƙafafu suka ƙi. Wani ya ce a ɗan lanƙwasa gwiwa. Na ce ba a hannuna ba. Muka fito da Maman daga kabarinsa muka mayar kan makara, 'ya'yansa suka tuɓe riguna suka yi masa inuwa. Na koma rami ina ƙarawa, ƙasa kamar dutse, mutane tsaye a rana suna kallon ƙeyata. A baya na ji wani ya ce, "Tsufa ne. Ido ya tafi."

Ban juya ba. Inusa yana gefena da fartanya, ya ji, bai buɗe baki ba.

Bayan la'asar Ɗan Baba ya yi sallama a ƙofar gidana, ba wasa a fuskarsa, riƙe da kara. Ya ce shi ya kira Inusa yana wucewa. Kwana tara wata ƙofa ta gagare su a cikin wasan, ran nan suka gano makulli, kuma abin da ke bayan ƙofar sai hannun Inusa. Inusa ya jingina karan a bangon rumfa. Masu kallo suka yi ta turereniya, kararen bangon suka zube, da Inusa ya fito ya ɗauki wanda ya ga ya yi kama. Na gaskiyar yana ƙasa, an tattaka shi, shi ne Ɗan Baba ya kawo mini.

Na tsayar da shi a jikina. Ya wuce kaina da taƙi guda. Na kai shi ɗakina na soke a rufi.

Inusa bai sake taka rumfar ba. Kullum da safe ya zo ya durƙusa, in amsa gaisuwa in tashi. Kwana shida haka.

Ran na bakwai aka aiko an yi rasuwa a unguwar masu lambu. Na ɗauko dagi. Inusa ya miƙo hannu kamar yadda ya saba. Na miƙa wa Arziki.

Salamatu, uwar Inusa, ta fito daga madafa da ludayi a hannu.

"Malam, ya fa bar wasan. Ya yi kuka har ya gode Allah. Me kake so kuma?"

"Ba wasan ba ne. Da ya ce kara ya ɓata, da an koma an sake awo, ba wanda zai sani. Na tambaye shi, ya dube ni ya ce shi ne."

"Tsoronka ya ji. Wa ke iya faɗa maka ya yi kuskure? To in ka faɗi gobe, ɗan wani ne zai haƙa maka, naka yana tsaye?"

Inusa ya durƙusa ya kama bakin rigata.

"Baba, ka bar ni in sake. Sau ɗaya kawai."

Na zare rigata daga hannunsa.

"A'a. Ba ka ƙara taɓa dagin nan, kuma ba kai za ka haƙa nawa ba."