Idon Hafsat

Takardar gargaɗi ta biyu ke nan da Hafsat ta karɓa a gidan biredin da take aiki a Narayi, kuma kowa ya san ta uku ta sallama ce. Shekara shida tana zuba biredi a leda a wurin. Tun da ciwon ƙafa ya kwantar da mijinta, aikin nan ne ke ɗora tukunya a gidansu.

Turancinta bai wuce na ciniki ba, don haka tana komawa Makera ta faɗa ɗakin maƙwabciyarta Dorcas, malamar firamare.

"Maman Emma, don Allah mene ne insolent? Sau biyu ke nan ana rubuta mini shi."

Dorcas ta karanta, ta yamutsa fuska. "Mai fitsara ke nan, mai tsaurin ido. Na ƙasa ake faɗa wa in ya raina na sama."

Hafsat ta dafe ƙirji. Ita, da ko maigadi sai ta rusuna take gaishe shi?

"Me kika yi wa madam ɗin wurin aikinku?" in ji Dorcas.

"Wallahi ba komai. In tana faɗa sunkuyar da kai nake yi, in yi shiru har ta gama."

"To, ai shi ne laifin! Madam Vivian a ƙasar waje ta tashi. A wurinsu in ba ki kalli idon mutum ba, kin mai da shi mahaukaci. Gobe ki je ki ba ta haƙuri, ki kalle ta cikin ido."

Abu mai sauƙi a baki. Hafsat da ranƙwashin uwarta ta koyi cewa ba a haɗa ido da babba, yanzu ga shi ladabin nan zai raba ta da abincinta. Har magariba Dorcas tana tsaye tana daka mata tsawar ƙarya, ita kuwa tana koyon zuba ido, hawaye na bin kumatunta. Tsoro ya cika ta, don ba ta da wani wurin zuwa.

Washegari ta shiga ofis. Ta ɗago kai, ta kafa wa Madam Vivian ido.

"Madam, ki yi haƙuri. Ban taɓa raina ki ba. 'Ya'ya uku gare ni."

Madam ta ajiye biro, fuskarta ta fara saki. Sai ta tuna tiren biredin da aka kifar ranar Litinin, muryarta ta tashi.

"Hafsat! Wa ya zubar da tiren nan? Answer me!"

Ba Hafsat ce ta zubar ba, kuma amsar tana bakinta. Amma babba ya ɗaga murya, kanta ya sunkuya da kansa, yadda aka koya masa tun tana 'yar shekara biyar. Tana kallon silifas ɗinta ta ji ƙarar biro a kan takarda.