Tukwanen Gindin Tsamiya

Ni ba mai magana ba ce, amma idan ina kitso bakina yakan buɗe, wataƙila don mai kan ba ta kallona. A haka na saba da Malama Madina, malamar tarihi a wata jami'a, wadda take zuwa gidan gwaggona a Limawa ina yi mata shuku.

Ita ma akwai labari. Ta ce ta yi karatu a Indiya, har ta bi malamanta cikin tsaunukan wasu mutane da ake kira Naga, suna tonon tsofaffin garuruwansu. Ta nuna mini hotuna a waya, duwatsu a tsaitsaye da fasassun tukwane. Ta ce su a aikinsu ba sa taɓa ƙasa sai dattawan gari sun yarda.

"Mu ma muna da tukwane a ƙasa," na ce.

Ta juyo har gashin ya kuɓuce mini.

A rugarmu ta bayan Buji, duk wanda aka haifa ana sa mabiyiyarsa, wato mahaifar da ke biyo jariri, a 'yar tukunya, a kifa mata kasko, a binne a gindin wata tsamiya, a kufan da kakannin kakanninmu suka fara zama. Mata kaɗai ke zuwa. Kakata Dada ce a gaba, ni ce mai ɗaukar tukunya, duk haihuwa sai an aiko mini. Ta innata ma tana can. Ta rasu ina goye, ban san fuskarta ba, amma na san inda tukunyarta take.

Malama ta yi ta roƙona har na kai ta wurin Dada. Dada ta ƙare mata kallo tun daga gyale har takalmi.

"Ke ce mai karatun matattu?"

"Tarihi, Dada."

"To miji fa, kin tono shi ko har yanzu yana ƙasa?"

Malama ta yi dariya har da riƙe ciki, ta shanye ƙwaryar kindirmo, ta ce ba ta taɓa shan irinsa ba. Dada ta saki fuska.

"Ido kawai," in ji Dada. "Hannu a baya."

"Wallahi, Dada, ko tsinke ba zan ɗauka ba."

"Ke Mashkura, kin yarda da ita?"

Na ɗaga kai alamar eh.

A gindin tsamiyar Malama ba ta taɓa komai ba. Ta dai yi ta zagaye tana danna waya.

Bayan girbi yayana Falalu ya bugo mini. Ya ce ya koro shanu ta kufai ya tarar da ramuka, an ja igiyoyi, ga sawun mota. Masu gonar kusa sun ce ɗalibai ne da wata malama.

Na hau adaidaita. Ban taɓa shiga jami'a ba, mai gadi sai da ya sa na maimaita sunanta saboda muryata ba ta fita. Na same ta a wani dogon ɗaki. Ga tukwanenmu a jere kan tebur, an wanke su tas, an rubuta wa kowace lamba a gindi.

"Mashkura! Shigo mana, zauna."

Ban zauna ba.

"Kin rantse wa Dada."

"Saurara, ƙanwata. Ruwa yana zaizaye wurin, damina biyu nan gaba duk sun tafi. Ceto su muka yi. Kuma na can ƙasa sun tsufa ƙwarai, za su gaya mana waɗanda suka fara zama a nan. Har sunan gidanku za mu sa."

"Me ya hana ki tambaye ta?"

"Da ta ƙi ai."

"Wacce ce ta innata?"

Ta dubi teburin, ta dube ni. Ba ta sani ba. Ni ma da wurin da take a binne na san ta, ba da kamanninta ba, yanzu kuwa duk sun zama iri ɗaya.

"Ki ba ni su in mayar."

"Ba a hannuna suke ba yanzu, sun shiga ajiyar sashenmu na tarihi." Ta dafa kafaɗata. "Zan je da kaina in ba Dada haƙuri."

Ba ta je ba. Saƙo ta turo, wai ko ina da sarari ranar Juma'a, kanta ya tsufa.

Da Bilki matar Falalu ta haihu, ba a aiko mini ba, a bakin gwaggo na ji. Na tafi duk da haka. Na durƙusa na gaida Dada, ta amsa, ta tambaye ni hanya kamar baƙuwa. Da ta zage ni da na fi jin daɗi.

Da hantsi ta fito da sabuwar 'yar tukunya a rufe. Na miƙe, na goge hannuwana a zani. Ta wuce ni ta miƙa wa Nusaiba, 'yar baffana.

"Dada, ba ni na tona ba."

"Na sani, 'yar nan. Ke kika yarda." Ta gyara mayafi. "Mun sami wani wuri. Zauna ki iza wa mai jego wuta."

A bakin shinge ta tsaya.

"Juya bayanki."

Na juya. Na yi ta kallon tukunyar ruwan wanka tana tafasa har na daina jin takunsu.