Gonar Bayan Gida

"To, na ji. Jakin da ɗorawar nawa ne, kai kuma ka fara zaɓe," in ji Nababa, yana miƙa wa ƙanensa Sama'ilu hannu. "Amma kada mu je gaban Malam ka sauya magana."

"Yaya, yaushe na taɓa sauya maka magana?"

A zauren mahaifinsu suka ƙulla, ana gobe rabon gado. Gonar tsohon kashi biyu za a raba ta. Ɓangaren bayan gida shi ne tsoka, don shekara da shekaru ɗan'uwansu Ja'afaru yana jidar takin gida da mangala yana zubawa, har ƙasar ta yi baƙi. A shekarun nan da takin zamani ya gagari talaka, irin wannan ƙasa ita ce tuwo. Ɗaya ɓangaren na bakin titi ne, yashi da ciyawar wuta-wuta.

Sai dai Ja'afaru ya riga tsohon rasuwa, kuma jika ba ya cin gado in baffanninsa na raye. Matarsa Kaltume da 'ya'yanta uku ba su da ko taku ɗaya a wurin.

Da hantsi Malam Uwaisu ya ja igiya, aka kafa turaku. Sama'ilu ya nuna bayan gida.

"Malam, ya zama nawa?"

"Ya zama naka."

"To ku shaida, na ba 'ya'yan Ja'afaru."

Malam ya dube shi da kyau. "Kyauta ba ta cika sai an karɓa. A kira uwarsu."

Kaltume ta fito da lulluɓi, aka miƙa mata fartanya. Ta sari ƙasar sau ɗaya, ta daɗe a duƙe ba ta ɗago ba.

Nababa ya jawo ƙanensa gefe. "Kai me za ka ci?"

"Ƙodago bai ƙare a gonakin rani na Watari ba."

"Wawa. Ai ni dama bakin titi nake so, masu neman filin shago sun dame ni. Da ka tambaya, kyauta zan bar maka zaɓen."

"Da ka faɗa jiya, Yaya."

"Ni ɗan kasuwa ne, ba na faɗa."

Kwana kaɗan jakin ya tsinke igiya ya koma turkensa na ƙofar Kaltume, inda ya saba tun Ja'afaru na jidar taki da shi. Sama'ilu ya ce zai mayar da shi, Nababa ya kau da kai. "Bar shi can. Harawa ta yi tsada, ba zan ciyar da maras kunya ba."

Da kaka ta yi, marayu sun cika rumbu, ga jaki. Nababa ya sayar da yashinsa, ɗorawar ma tana hannunsa. Sama'ilu ne ya tashi babu gona babu dabba, yana cirar tumatir a Watari. In an tambaye shi wa aka cuta a rabon nan, sai ya ce ɗorawar ce kawai take masa ciwo, don matarsa ta iya daddawa.