Wanzami a Ɗakin Haƙori

Kujerar cire haƙori ta iso Talata Mafara a bayan tipa, an ɗaure ta da igiya kamar san kasuwa, amma har damina ta tsaya babu wanda ya zauna a kanta. Likita Nasidi, ɗan garin da ya dawo daga karatu a Kudu, yana da kayan aiki, ba shi da mutane. Shekarun aikin dam ɗin Bakolori ne, duk saurayin da ya iya rubuta sunansa ya nufi can.

Rifkatu ya fara ɗauka, ma'aikaciyar jinya da ta biyo mijinta, malamin makaranta. Bai yi mata tambayoyi da yawa ba. Ya ga yadda ta wanke hannu har gwiwa kafin ta taɓa komai a ɗakin, ya ce ta fara gobe. Daga baya ya ɗauki Marka, dattijuwa daga Maradun, wadda ta rako maƙwabciyarta. Ta taga ya ji yadda ta rarrashi matar har kukanta ya koma dariya.

Duk da haka maza ba su zo ba. Wurin Ɗantani suke zuwa, tsohon wanzamin da ke cire haƙori da awartaki a gindin tsamiyar kasuwa. Ran Talata Nasidi ya same shi a can, ya durƙusa, suka yi doguwar gaisuwa.

"Baba, taimako na zo nema."

"Kai da ka zo kashe mani sana'a?"

"Na iya cire haƙori, Baba, amma ban iya sa mutum ya buɗe mani baki ba. Ka zo mu yi tare. Sharaɗi ɗaya ne, awartakinka zai tsaya gida."

Ɗantani ya daɗe yana wasa askarsa a tafin hannu. Ranar Alhamis sai ga shi a bakin ƙofa.

Rifkatu ba ta ɓoye fushinta ba. "Likita, rabin masu kumburin da muke gani daga hannunsa suka fito. Ko shi ko ni."

"Ku biyun nake so," in ji Nasidi. "Ke za ki koya masa tsabtar aiki, shi kuma ya koya miki mutanen ƙasar nan."

Ba a sha da daɗi ba. Takan mayar da shi wurin tulu ya sake wanke hannu, shi kuwa yakan gyara mata gaisuwa a gaban jama'a. Marka ce ke shiga tsakani, ta ajiye kwanon fura ta ce ba mai komawa aiki sai ludayi ya zagaya. Kowace safiya Nasidi yakan tara su, ɗaya ya zauna a kujera a matsayin majinyaci, sauran su gwada aikinsu, shi yana faɗin "tsaya nan, miƙo wancan" har muryarsa ta dushe.

Da kaka aka kawo Sallau, manomi daga Damaga, a kan jaki. Ƙanensa Maiwada ne ke jan akala. Kumatun Sallau ya kumbura har ya rufe ido ɗaya, kumburin kuma ya fara gangarawa wuya. Nasidi na ganinsa ya san in aka bari ya kai maƙogwaro, numfashi zai gagara.

Sallau ya kafe a bakin ƙofa. Tun da ruwan dam ya ci gonarsa ya rantse babu ɗan boko da zai taɓa shi. Ya nuna Ɗantani da yatsa. "Kai nika so. Ɗauko awartaki."

Rifkatu ta dubi tsohon.

"Sallau," in ji Ɗantani, "ni na yi wa ɗiyanka askin suna, ban taɓa yi ma ƙarya ba. Wanga ciwo ya fi ƙarfina. In na taɓa shi, kashe ka zan yi. Zauna nan. Ni ne zan riƙe kanka, ba zan saki ba sai an gama."

Sallau ya zauna.

Ɗantani ya wuce wurin tulu ba tare da an ce masa ba, ya wanke hannu, sannan ya tallafi kan mutumin a ƙirjinsa yana yi masa hirar gero. Marka ta riga ta sauke tukunyar kayan aiki daga risho, ta janye Maiwada gefe don kada ya ga jini. Nasidi ya miƙa hannu, allura ta sauka a tafinsa. Ya sake miƙawa, ƙarfen da yake bukata ya zo. Da mugunya ta fashe, tasa na nan a ƙarƙashin haɓa, auduga na biye. Ruɓaɓɓen turmin haƙorin ya fito da saiwarsa duka.

Sai a wurin wanke hannu Nasidi ya lura cewa tun da aka fara bai ba kowa umarni ba. Ya tsaya da sabulu a hannu yana kallonsu. Rifkatu na gaya wa Ɗantani yadda za a sha magani, shi yana juya maganar zuwa bakin mutanen Damaga, Marka na goge wa Sallau gemu.

Maiwada ya matso, ya cire hula. Ya dubi wannan, ya dubi wancan, dukansu cikin fararen riguna.

"Don Allah ku gafarce ni," ya ce. "Wa zan yi wa godiya? Wane ne likitan cikinku?"

Marka ta buɗe baki za ta nuna. Nasidi ya girgiza mata kai a hankali, ya ci gaba da wanke hannunsa.