Kalmar da Jimrau ya juya

Jimrau ya yi shekara huɗu yana dako a Lokoja, can ya tsinci Turanci kaɗan. Da zai koma gida Dakoro, wani Baturen Ingila mai son ganin Azbin ya ɗauke shi tafinta, suka bi ayarin madugu Mamani.

Ana saura yini biyu su isa, zazzaɓi ya kama Baturen, ruwa kuma ya rage salka biyu. Mamani ya tsai da raƙuma a mararraba. Akwai rijiya a gabas, amma ratsen zai ci musu yini guda.

"Tambayi baƙonka," in ji Mamani. "In yana son ruwa, mu ratse."

Baturen ya ɗaga kai da ƙyar ya ce, "Wel. Wel."

Jimrau ya san kalmar nan fuska biyu gare ta. Tana nufin rijiya, tana kuma nufin lafiya lau. Ya kuma ga yatsan mutumin ya nuna gabas, wajen rijiyar. Amma ya ƙosa ya ga matarsa.

"Mi ya ce?"

"Ya ce lafiya lau yake."

Suka miƙe. Tafkin da suka sa rai da shi a gaba, suka tarar ya ƙafe. Tsoho Kalla, mai jan raƙumin Baturen, ya riƙa ba majinyacin rabonsa na ruwa. Washegari da azahar ya faɗi, bai sake tashi ba. Jimrau na cikin waɗanda suka haƙa kabarin.

A Dakoro Baturen ya warke. Da ya ji yadda aka yi, ya kira Jimrau ƙarƙashin wani gawo don ya kwantar masa da hankali. Ya ce asali kalmomi biyu ne. Ta rijiya ta fito daga tsohuwar kalma mai nufin ɓuɓɓugowar ruwa, ta lafiya kuwa danginta kalmar so ce, wato abu ya zo yadda ake so. Daɗewa ce ta haɗa su a baki.

"Kowane baƙo zai ruɗe," in ji shi. "Ba laifinka ba ne."

Jimrau ya sunkuyar da kai ya yi godiya.

Bayan kwana bakwai ya ja akuya ya kai wa Bubakar, ƙanen Kalla. Ya tafi da niyyar faɗin gaskiya. Bubakar ya shimfiɗa masa tabarma, ya dama masa fura, ya ce, "Na ji kai ka sa shi a kabari. Allah ya saka maka."

Jimrau ya ce amin, ya ajiye furar, ya koma gida da gaskiyar a cikinsa. Da ayarin ya tashi zuwa Azbin, ya ce wa Baturen ya nemi wani tafintan.