Lamba Ɗari Biyu da Sha Huɗu

"Buɗe mana, Noreen. Ko sai na mutu za ki karanta wa gawata?"

Noreen Tuckwell ta tsaya a bakin gadon da ambulan a hannu. Shekara goma sha tara suna maƙwabtaka da Lindsay Prewitt a Launceston, shingen katako ne kawai tsakaninsu, kuma tun da likita ya sallamo shi ya ƙarasa a gida ita ke ɗauko masa wasiƙu. Ba shi da kowa sai wani ɗan ɗan'uwa a Perth mai aiko kati ran Kirsimeti.

Tsohon ya cika teburin cin abincinsa da takardun matattu. Ya bi dangi har gidan gajiyayyu a Ireland, inda aka ɗauko kakar kakarsa tana marainiya aka sa a jirgin ruwa. Ya san sunan jirgin, har tsawon yarinyar ya sani. Uwar da ta haife shi ce ya rasa. Yana ɗan shekara shida aka ce masa mura ta kashe ta. Sai da furfura ta fito masa wata gwaggo ta yi suɓutar baki cewa asibitin mahaukata aka kai ta. Ma'adanar takardu kuwa ba ta buɗe irin wannan fayil sai shekarunsa sun cika, don haka ya yi ta jira, ciwo na cinsa.

Sai yau fayil ɗin ya iso. Noreen ta gyara tabarau ta karanta. An karɓi Edith Prewitt a 1938. Ta rasu a 1969, an binne ta a filin bayan asibitin, lamba ɗari biyu da sha huɗu.

Lindsay ya yi lissafi. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana tuƙa motar madara ta gindin katangar asibitin nan, kullum safiya, yana fito.

"Ta tambaye ni?"

Shafin masu ziyara fari ne fat, Noreen ta tsallake shi da sauri. Can ta ga rubutun wani likita na 1961, ta karanta yadda yake: mara lafiya tana ɓoye burodi a aljihu, wai na ɗanta ne in ya taso daga makaranta, har yanzu ba ta dawo hayyacinta ba.

"Ina da ashirin da tara ke nan," in ji shi. "Har sanƙo ya fara." Ya yi 'yar dariya, sannan ya tsokane ta ya ce, "Shugabar 'yan sa ido, akwai burodi a kicin?"

Ta shafa masa man shanu ta kawo. Ya kwana uku ba ya iya haɗiye komai, ita ma ta sani. Riƙewa kawai ya yi a kan ƙirjinsa.

Ran Alhamis da hantsi ya cika, aka ƙone gawar bisa al'adarsu. Na Perth ya ce ta waya ta yi yadda ta ga ya dace da tokar.

Ta hau bas ita kaɗai zuwa asibitin, gwangwanin tokar a cinya. An daɗe da rufe asibitin, tumaki ke kiwo a filin. Ta yi kusan awa tana ture ciyawa da ƙafa kafin ta ga ɗan ƙarfen da ke alamar kabarin, lambar ta yi tsatsa. Ta zuba tokar a hankali, ta ciro yankan burodi daga aljihun rigar sanyinta ta ajiye a gefe.

Wani tsuntsu ya sauka a kan shinge yana jira ta tafi.