Teburin da Ya Tsallake Iyaka

Kwana tara ke nan da Haji Darman ya garƙame ƙofar ruwa, shinkafarmu ta fara yin ja don ƙishi. Shi ne shugaban magudanar ban ruwa, makulli na hannunsa, gonakinsa kuma suna gabas, inda ruwan ke fara isa.

Magudanar ta taso daga lardin Kalimantan ta Kudu ta shigo ta Tsakiya, turken iyaka yana kafe a gaban rumfar taronmu. Tun da gwamnati ta kasa agogon ƙasar gida uku, idan gabas da turken ƙarfe sha biyu ce, yamma da shi sha ɗaya ce.

Ranar zaɓen sabon shugaba, mu mutanen yamma muka tsayar da Masliani, 'yar yayan Haji Darman. Takardar gayyata ta ce a rufe rubuta sunan masu takara ƙarfe sha biyu. Sha ɗaya da rabi muka sauko daga kwale-kwale, mu talatin da shida. Sai muka iske Rusbandi magatakarda ya rufe littafi ya ɗora gwiwar hannu a kai.

"Sannunku da barci," in ji Haji Darman. "Rabin awa ke nan da rufewa. Ni kaɗai na tsaya."

Masliani ta ɗaga agogonta. "Baffa, sha ɗaya da rabi."

"A gidanku ba. Nan gabas ne, 'yar nan."

"Shekara nawa ana taron nan da agogon yamma?"

"Lokacin shugabancin ubanki ke nan. Ya rasu, agogonsa ya bi shi."

Wuri ya yamutse. Wani a cikinmu ya zaro adda, Masliani ta doke masa hannu. "Mai da ita! Abin da yake nema ke nan, a kira 'yan sanda a ɗage zaɓe."

Ta juya wurin Malam Sarkawi liman, wanda aka ɗora wa sa ido a kan zaɓen. "Malam, da wane agogo ake aiki?"

Tsohon ya sosa gemu, ya ƙi kallon kowa. "Da na wurin da littafi yake. Teburin nan kuwa a gabas yake."

"Kun dai ji," in ji Haji Darman. "Ki koma ki soya ayaba, shi kika iya."

Masliani ta dubi teburin, ta dubi turken. Tsakaninsu bai fi taku bakwai ba.

"Ku ɗauka," ta ce.

Haji Darman ya rigaye mu ganewa. Ya daka tsalle ya haye teburin, ya zauna daram a kan littafin. "Wanda ya isa ya taɓa!"

Muka taɓa. Mu takwas muka cicciɓi teburin har da shi. Mutanen gabas suka riƙe ƙafafun baya, muna ja suna ja, Rusbandi yana bin mu yana ihun a kula masa da alƙalami. Hular Haji ta faɗa magudana. Yana zaginmu ɗaya bayan ɗaya har da sunayen iyayenmu, ya kai mini shuri a haɓa, ban saki ba. Ƙafa ɗaya ta ɓalle a hannun 'yan gabas, ragowar teburin ya biyo mu. Muka dire shi yamma da turke.

Masliani tana haki ta ce, "Malam, ƙarfe nawa?"

"Sha biyu saura kwata."

"Sata ce!" in ji Haji Darman. "Satar lokaci da rana tsaka!"

"Kai ka fara, Baffa. Tashi daga kan littafin, ko a ɗaga ka kamar buhu."

Rusbandi ya rubuta sunanta. Aka ɗaga hannu: mu talatin da shida, su talatin da ɗaya.

Haji Darman ya ciro makullin daga ɗamararsa, ya wurga shi cikin laka. "Daga yau ba ni da 'ya a yamma. Ko gawata kada ki zo."

Masliani ta nufi inda makullin ya faɗa. Ta naɗe zani, ta shiga laka har gwiwa, ta lalubo shi. Kafin a buga gangar kiran sallar azahar a masallaci, ruwa ya kama hanyar gonakinmu.